Man da Ya Dace da Tsohuwar Motarmu: Daga Sanyuanli Zuwa Duwatsun Zengcheng

Ana idar da sallar asuba na tayar da mota daga layinmu na Sanyuanli a nan ƙasar Sin, masu shara ba su ma gama da bakin titi ba. Mu uku ne a ciki: ni a sitiyari, ma'ajin ƙungiyarmu ta 'yan kasuwa a gefena, sai wani abokin wasana ɗan Damagaram a baya, wanda yake da kayan wandon jins da zai ɗauko a Xintang. Ba yawon buɗe ido muka fita ba, jama'a. Shari'a muka tafi yi wa mota, kuma ni ne lauyanta.

Motar ta ƙungiya ce, tsohuwa ƙirar Japan mai kujera bakwai, agogon kilomitarta ya yi nisan da ba na son faɗa a gaban mutane. Da ita ake tarbo baƙi a filin jirgi, da ita ake kai marar lafiya asibiti. Babban aikinta yanzu shi ne kai wani dattijonmu wankin ƙoda. Mutumin zangon Kumasi ne, tsohon mai tura wa 'yan kasuwa kaya gida, duk Baba muke ce masa, kuma akasarinmu a ɗakinsa muka fara kwana da muka zo garin nan. Gidansa tsohon bene ne marar lif, goya shi nake yi in sauko da shi, in naɗe kekensa in sa a baya, in jira a gama, in dawo da shi. Ku gaya mini mai tasin da zai yi wannan. In ya tsallake wanki ɗaya, ƙafafunsa kumbura suke yi har takalmi ya ƙi shiga.

To a taron da ya wuce ma'aji ya miƙe ya ce kuɗin mai ya cinye asusu, a sayar da motar kowa ya huta. Na ce ba motar ce mai laifi ba, mu ne. Aka yi ta ja-in-ja, daga ƙarshe aka ce in fita da ita a kan mai mai araha, ma'aji ya bi ni ya zama shaida. In ta je ta dawo lafiya da kaya, har da hawan dutse, za ta zauna. In ta gaza, a kira dillali. Na ce na ji na gani.

Bari in gaya muku inda muka samo matsalar, don abin dariya ne. Mu a gida fetur fetur ne. Ka shiga layi, ka samu, ka gode wa Allah, babu wanda ya taɓa tambayarka wane iri kake so. Nan kuwa kan famfo uku ne a jere: 92, 95, 98. A murfin tankin motarmu kuma an manna 93, lambar da ba ta nan a ko'ina. Sai wani mai hikima a cikinmu ya ce ai mota ta tsufa, tsoho kuwa abinci mai kyau ake ba shi, a riƙa zuba mata mafi tsada. Kowa ya gyaɗa kai. Shekara da shekaru muna shayar da ita 98 kamar motar ɗan minista.

Ni na bi diddigi wajen bakaniken da yake mana juyen baƙin mai. Ya ce da can 93 da 97 ake sayarwa a ƙasar nan, aka sauya tsarin mai, wanda ya gaji 93 shi ne 92. Lambar kuma ba ƙarfi take nufi ba, ba tsabta ba. Tana nuna yadda man yake jure matsi ne a cikin injin ba tare da ya kama da kansa kafin lokaci ba. Injin da aka ƙera don ƙaramar lamba, in ka ba shi babba, aljihunka kawai ka hukunta. Na kawo wannan bayani taro, aka ce araha ba ta ado.

Da gangan na bar tanki ya kusa ƙafewa kafin ranar, don kada a ce sauran mai tsadar ne ya taimake ni. A gidan man farko ma'aji ya leƙo ta taga ya nuna wa matar da ke zubawa lambar 93 da yatsa. Ta ce masa, "Meyo, lawban," wato babu, maigida. Na ce ta cika da 92 har famfo ya tsaya da kansa, na kuma sa ma'aji ya dubi agogon kilomita da idonsa. Ɗan Damagaram ya ce shi dai ya yi alwala, in mutuwa ce a shirye yake. Na ce masa mutumin da ya saba hawa raƙumi bai isa ya raina mota ba.

Muka kama babbar hanyar gabas. Kai, hanyoyin ƙasar nan! Gada kan gada, ba rami ko na magani, sai dai kuɗin tolget da ake zara maka a hankali kamar ba a so ka ji. Motoci masu koriyar lamba, wato masu lantarki, sun cika titi, su wuce ka shiru kamar ɓarayi. Tamu kuwa tana tafe tana gurnaninta na dattijai. Na kashe rediyo, na ce kowa ya baza kunne. Na taka totur, ta amsa. Na kunna sanyi, ba ta canza murya ba. Ma'aji ya harɗe hannu a ƙirji yana jiran ta yi tari, ita kuwa ko a jikinta.

Hantsi ya ɗaga muka shiga Xintang. Wanda bai taɓa zuwa ba, garin wando ne tun daga farko har ƙarshe. Shago wando, bene wando, keke mai ƙafa uku ya wuce ka da tulin wando har ba ka ganin direba. A ƙofar gidaje tsofaffin mata na zaune suna yanke zare da ɗan almakashi, yatsunsu sun yi shuɗi. Farashi ya ɗan sauko a kan na Sanyuanli, amma sai ka ɗauki da yawa, in ka ce guda goma kallon almubazzarin lokaci za su yi maka. Ɗan Damagaram ya yi ciniki da Faransanci da Sinanci da hannu, aka danna mana diloli har motar ta durƙusa ta baya. Ma'aji ya zagaya ya dubi tayoyi, ya yi murmushin da ban so ba.

Muka ci taliyar hannu a shagon Musulman ƙasar, masu farar hula. A gabanka ake jan kwaɓin a buga shi a tebur, romo mai zafi, nama kuwa yanka uku siraran da za ka iya hango fitila ta cikinsu. Na ce da mai shagon a Kano in ka ba mutum wannan naman sai ya kai ka ƙara wajen mai unguwa. Bai ji ba, ya yi dariya, ya ƙaro mana barkono.

Daga nan muka nufi arewa, wajen duwatsun Zengcheng. Lokacin lici ne, wannan ɗan itace mai jar ɓawo da farin ciki mai ruwa. Gonaki hagu da dama, manoma sun jera kwanduna a bakin hanya, kuma da araha ƙwarai in ka gwada da cikin gari. Muka saya, ɗan Damagaram ya ci har ya daina tsokanata. Zafi kuwa irin mai ɗanko, riga ta manne a baya. Hanya ta fara karkata tana hawa, ni kuma zuciyata ta fara cika da alfahari, har na soma shirya jawabin da zan yi a taro.

A hawa mai tsayi na farko, da na danna totur, sai na ji ta. Wata 'yar ƙara daga gaba, ƙyas-ƙyas-ƙyas, kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Na sassauta ƙafa ta ɗauke, na sake dannawa ta dawo. Baba kawai nake gani a zuciyata, zaune a bakin gado da jakarsa ta asibiti. Ma'aji bai yi ihu ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. A hankali ya ce, "Malam, ka ji abin da na ji ko?"

Na ce na ji. Na kuma san wannan ƙarar ba abin wasa ba ce, man ne yake kamawa kafin lokacinsa, in aka ci gaba da matsa wa injin a haka sai ya lalace. Na sauke giya, na lallaɓa ta zuwa wani fili na juya. Ma'aji ya ce to shi ke nan, mu kama hanyar gida. Na ce ko ana ha-maza ha-mata ba zan koma ba sai na san dalili. Injin da aka yi don wannan man bai kamata ya yi kuka da shi ba, ruwa ba ya tsami banza. Ya ce ba haka aka yi da ni ba. Na ce an ce ta hau dutse, ba a ce sau nawa za ta gwada ba, kuma rana ba ta faɗi ba tukuna.

A gindin dutsen muka sami wani ƙaramin gareji, mata da miji ne suke riƙe da shi. Da wayar fassara muka yi magana, ni in faɗa mata, ita ta faɗa musu, wani lokaci ta kwaso shirme mu yi ta kallon juna. Aka kwance fulogi. Jama'a, baƙi ƙirin, bakinsu ya cinye, ban san shekarar da aka sa su ba. Matatar iska kuwa kamar an share kasuwa da ita. Mijin ya zura 'yar kyamara a ramin fulogi ya nuna mana kunkunniya ta yi ɓawo a ciki. Ita ce take ƙara matsi da zafi a tsohon injin har ya riƙa neman lambar da ta fi tasa. Ashe duk shekarun nan man mai tsada rufa wa dattin asiri yake yi, mu kuma muna ganin gata muke yi mata. Aka sa sababbin fulogi da matata, aka wanke abin da zai wanku a ranar, ya ce sauran sai an ba ta yini guda a gareji. Daga aljihuna na biya, don kada ma'aji ya sami abin faɗa.

Muka yi azahar da la'asar a gefen garejin, muka koma hawan nan dai. Ta haye mafi yawansa tsit. Sai can kusa da ƙarshe, inda ya fi tsayi, ƙarar ta ɗan leƙo, ƙasa-ƙasa, amma ba zan yi muku ƙarya ba, tana nan. Na sa muka sauke dilolin a bakin hanya, muka bar ɗan Damagaram yana gadi yana zagin Kanawa, muka sake hawa ba kaya. Ko ƙyas ba mu ji ba.

Saura gwaji ɗaya. Muka maida kaya, muka gangara gidan mai, na ce a cike gurbin da 95, don haɗa su ba ya ɓata komai. Nan ma'aji ya dubi litar da ta shiga, ya dubi tafiyar da muka yi, ya yi lissafinsa a ka. Shi ya fi kowa sanin abin da take sha da 98. Sannan ya ce kusan duk ɗaya ne, da kaya da hawa da komai. Muka sake fuskantar dutsen da cikakken lodi, ta haye har ƙoli ba tari ba ƙara. Na tsaya a sama na fito na yi hamdala.

A hanyar dawowa ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya, muka shigo gari ana kiran magariba a wayoyinmu. Abin da tafiyar nan ta koya mini, ga shi ga duk mai tsohuwar mota. Ka fara da lambar da masu ƙera ta suka ce, kada ka sauka ƙasa da ita don rowa, kada ka haura don burga. Tsufa kaɗai ba ya canza wa mota mai. In ka ji tana ƙara a hawa, ka duba fulogi da dattin ciki tukuna, in ta ci gaba sannan ka hau mataki ɗaya. Tamu yanzu 92 ce a cikin gari, 95 ranar lodi da dutse. Ban ci shari'ar yadda na yi alkawari ba, amma ban faɗi ba. Na tambayi ma'aji hukuncinsa, ya ce sai ranar taro. Haushi ya sa ko sallama ban yi masa da kyau ba.

Washegari ranar wanki ce. Na hau benen Baba da safe, sai na ji taku a bayana, ashe ma'aji ne, wai ya zo ya ji ko ƙarar ta dawo. Bai taɓa zuwa ranar asibiti ba. Da na durƙusa zan goya Baba, ya ce in bari shi ya ɗauka, ni in riƙo keke. Ya saɓa shi a baya ya miƙe da ƙarfi, irin miƙewar wanda ya shirya ɗaukar nauyi, har ya kusa tuntsurawa gaba. Muna saukowa Baba ya ce, "Yarana, na ji kuna ta rigimar lamba. Ni dai in za ta kai ni ta dawo da ni, ko shayi kuka zuba mata na gode."

Ma'aji ya zaunar da shi a kujerar gaba, ya ɗaura masa bel, ya rufe ƙofa. Ya zagayo wajena idonsa ya yi ja, ya ce, "Ashe haka Baba ya koma? Ko nauyin dila ɗaya bai kai ba." Na ce haka nake ɗaukarsa kullum. Ya buɗe ƙofar baya ya shiga ya riƙe keken, ya ce, "Ja mu je, kada mu makara. Maganar dillali kuma ni na kawo ta, ni zan janye ta."