Shaƙuwar Mai Gado na Huɗu

Likitar ba ta gaggawa. Furfura ta leƙo ta gefen ɗankwalinta. Da tsinke take taɓa majinyaci mai gado na huɗu: ba ya ji a kuncin dama, ba ya ji a ƙafar hagu. Muryarsa ta dishe, shaƙuwa ta ƙi barinsa. Da gani, ta koyi aiki tun kafin zuwan na'urar hoton ƙwaƙwalwa.

Matarsa ta miƙo kofi, likitar ta tare hannunta.

"Ruwa ne kawai, Likita, saboda shaƙuwar."

"Na sani, baiwar Allah. Amma shanyewar jikin nan daga gindin ƙwaƙwalwa take, ta taɓa haɗiya. Kurɓi ɗaya, cikin huhu zai wuce."

Matar ta dubi mijinta, ta juya masa baya, ta shanye ruwan da kanta.