Babura a Cikin Geronmu

Shekarar da yayata ta dawo hutu daga jami'a da wata tsohuwar kwamfuta mai zafi kamar tanda, ni aka ɗora wa korar tsuntsu a gonarmu ta hanyar Karare. Gero ya fitar da kai, tsuntsaye sun yi taron da ko kasuwar Batsari ba ta tara irinsa. Gwangwanaye ake ɗaurewa a igiya, ka hau rumfa kana ja kana ihu tun hantsi. Kwana uku na yi, muryata ta koma ta tsohon jaki.

Ita kuwa Yaya tana ɗaki tana fama da wata manhajar haɗa sauti. Ta ce kyauta ce, kowa na iya buɗe cikinta ya gyara, kuma ita da wasu da ba ta taɓa gani ba suna ƙoƙarin sauko da ita daga kwamfuta zuwa waya. 'Yan akwatuna ake jerawa a haɗa su da layuka, sai ƙara ta fito. Na nace mata har ta haɗa mini wani kuka mai tsini wanda ya sa kajin Inna suka haye katanga.

"Yaya, zuba mini a waya."

"Ba ta nuna ba tukuna. Ban gwada ta a ƙaramar waya ba."

"Ai ga ni, ni ne ɗan gwajin."

"Kai dai malalaci ne, auta." Amma ta zuba a wayar Inna, ta ce in saurara a gida in gaya mata abin da na ji.

Ban saurara a gida ba. Na ari sifikar abokina, washegari na rataye ta can tsakiyar gero, na koma rumfa, na ƙure murya, na danna.

Abin da ya fito ba kuka mai tsini ba ne. Wayar ta ja sautin ƙasa, tana kuma saran sa gunduwa-gunduwa. Wani gurnani ne mai kauri, yana tashi yana sauka. Duk wanda ya girma a yankinmu ya san wannan ƙarar: baburan 'yan bindiga masu yawa, daga wajen daji.

Ni da na danna da yatsana sai da na waiga wajen daji. A wurinmu ba a ihu. Hannu kawai ake ɗaga wa na gaba, a ruga. Matan da ke roron wake a gonar gefe suka zubar da ƙorai. Wani tsoho da ya shekara yana cewa gwiwarsa ba ta lanƙwasuwa ya wuce ni har yana tsallake kunya biyu-biyu.

Na danna a tsaya, wayar ta daskare. Na faɗa cikin gero neman sifika, tsoro ya ɓatar mini da layin. Ina ta dundume sai na ji wasu baburan, na gaskiya, daga wajen gari. 'Yan sa-kai ne.

Nan na gane yadda za su gan ni. Yaro shi kaɗai a gonar bakin daji, kowa ya gudu shi bai gudu ba, ga waya a hannu. Sunan irin wannan a wurinmu infoma, kuma ba kullum ake tsayawa jin ta bakinsa ba.

Sun same ni a durƙushe na rungume sifika, na kashe ta da ƙyar. Babbansu mai faci ne a bakin tasha. Ya karɓi wayar.

"Wa kake kira?"

"Wallahi Baba, tsuntsaye nake kora."

Wani matashi mai bindigar toka ya leƙo fuskar wayar, ya ga akwatuna da layuka.

"Taswira ce. Ga gidaje, ga hanyoyi. Wannan babban gidan na waye?"

Abin da na iya cewa kawai shi ne a kai ni wurin yayata.

A tsakiyar mutum biyu aka ɗauko ni a babur, bakin bindiga na taɓa mini kunne duk ramin da muka faɗa. A ƙofar gida mutane suka taru, Yaya ta fito da kwamfutarta. Ta kunna kuka mai tsini. Ta tayar da wayar, ta kunna, gurnanin ya dawo, har wata mata ta suri ɗanta. Sai ta goge akwati ɗaya, ƙarar ta sauya. Ta goge wanda aka ce babban gida ne, tsit.

"Sake," in ji mai faci. Sau uku ta yi masa. Ya sa ta cire manhajar a gabansa, ya miƙa wa Baba, mahaifinmu, wayar.

"Alhaji, ga ɗanka. Da wasu ne suka riga mu, da wata maganar ake yi."

Baba bai dake ni ba, na so ma ya daka. Gida-gida ya bi da ni muna ba da haƙuri har magariba. Kowa ya ce ya yafe. Shi dai matashin nan mai bindigar toka har yau in na gaishe shi ba ya amsawa, aljihuna yake kallo.