Cigiyar Dangin Tanko a Dungas

Ana sallame sallar asuba muka ɗau hanya daga Kano, ni da aminina, ko ruwan shayi ba mu tsaya sha ba. Da yawanku kun tambaye ni abin da ya kai ni Nijar a makon jiya, to ga shi. Mahaifin aminin nan nawa ya rasu bara. Tela ne a Fagge, kowa Alhaji Musa yake ce masa, amma asalinsa mutumin ƙasar Dungas ne. Ya baro gida yana saurayi a wata shekarar yunwa, bai sake komawa ba, kuma danginsa ba su san ya mutu ba. Mahaifiyar aminina ta matsa ya je ya nemo su, ta kuma kafa masa sharaɗi: kada su ji mutuwar nan a bakin kowa sai a nasa. Abin da muka riƙe kawai shi ne ana ce wa tsohon Tanko a gida, yana da yaya mace, kuma sunan ƙauyensu Garin wani abu ne. Wanda ya san ƙasar nan ya san rabin ƙauyukanta Garin wani abu ne.

Muka bi ta Ɗambatta da Ɓaɓura muka kai Babban Mutum hantsi bai yi zafi ba. A bakin iyaka jandarman da ya karɓi takardunmu ya gaishe mu da Hausa tsaf, har da tambayar gajiya da mutanen gida, sannan ya sunkuya ya rubuta komai da Faransanci. Na tsaya ina kallon alƙalaminsa. Wajen ɗan canji kuwa muka zube nairori cike da leda, ya miƙo mana 'yan takardun sefa da ba su cika aljihu ɗaya ba. Aminina ya ce wallahi ya ji kamar an yi masa kwace da yardarsa.

A Magariya muka karya. Mai masa ta ce dala ashirin, ashe sefa biyar suke kira dala, na yi tsuru, sai da wani mai kabu-kabu, wato ɗan acaɓarsu, ya zaro mini tsabar da ta dace daga tafin hannuna yana dariya. Masar gero ce da yaji mai ƙuli, ga burodinsu dogo kamar sandar makiyayi, ɓawonsa yana kartar dasashi. Daga nan muka miƙa gabas, hanya ta fara nuna halinta. Kaka ce, ko'ina dammunan gero a jingine, amalanken shanu suna tafe da su a hankali, ba mai yi musu hon. Abin da na fara lura da shi shi ne rediyo. Mai amalanke ya rataye tasa a wuya, mai faci ya ɗora tasa kan taya, mata masu sussuka sun ajiye tasu a gindin turmi.

A Dungas muka sauka gidan wani dattijo mai sayen gyaɗa, wanda wani maƙwabcinmu ya haɗa mu da shi. Da ya ji abin da ke tafe da mu, ya ce mu daina wahalar da waya, mu tafi gidan rediyon karkara. Ɗakuna biyu ne da dogon ƙarfe a tsakar gida. Muka tarar da layi: wani akuyarsa ta ɓata, wani sanarwar suna ya kawo, wata tsohuwa kuma gaisuwa kawai za ta aika wa jikarta. Aminina ya tsara tasa sanarwar irin yadda muke yi a gida. Wai Alhaji Injiniya wane daga birnin Kano, ɗan Alhaji Musa da aka fi sani da Tanko, yana neman dangin mahaifinsa kan wata muhimmiyar magana. Ni ma na ce ta yi kyau, har na sa aka ƙara Injiniyan. Matar da ke gabatar da shirin ta dube mu kamar za ta ce wani abu, sai ta fasa, ta karanta yadda muka bayar.

Muka zauna jira. Shiru. Washegari ma shiru.

Zaman jiran ne ya kai ni lakwal ɗin da ke bayan masaukinmu, wato makarantar boko. Ajin ƙanana rumfar zana ce. Na jiyo yara suna karanta labarin kaza da shaho da Hausa, na leƙa, malaminsu, wanda suke kira mushe, ya ce in shigo. Ya ce a makarantarsu da Hausa yaro yake fara karatu da lissafi, Faransanci na shigowa kaɗan-kaɗan har ya karɓi ragama. Na ce masa a makarantar kuɗin da ke layinmu, yaron da aka kama yana Hausa sai ya durƙusa a rana. Ya riƙe baki. Amma kada ku ce nasu ya fi namu kwanciyar hankali. Ya ce akwai iyayen da ke zuwa da faɗa, wai Hausa suna da ita a gida kyauta, Faransanci suka turo a koyo. Da yamma kuma na zauna a fada, majalisar samarinsu ta shan shayi, na tarar finafinanmu na Kano suke kallo a waya, Turancin da muke cusawa cikin zance suna kwaikwayo suna ganin gayu ne. Kowa dai na leƙen tukunyar maƙwabci.

Rana ta uku aminina ya daina cin abincin kirki. Ya ce mini da wace fuska zai koma wa tsohuwarsa, ya ce mata ya zo har garin ya koma da saƙon a bakinsa? Na tausaya masa ƙwarai, don ban taɓa ganin ya yi laushi haka ba. Muna gaban tuwon gero da miyar kuka mai masaukinmu ya gyara murya. Ya ce tun jiya ake zancenmu a kasuwa. Mutum ya taso daga Kano da Alhaji da Injiniya a gaban suna, ana tsakiyar kaka, yana neman dangin uba kan muhimmiyar magana, to kowa ya san gadon gona ya zo raba. Ya ce ƙila dangin sun ji tun ranar farko, sun yi lamo. Har akwai wanda ya buga wa gidan rediyon yana tambaya ko da lauya muka zo. Na ji kunya ta rufe ni, don ni na ƙara gishirin.

Muka koma gidan rediyon. Wannan karon matar ba ta karɓi komai a hannunmu ba, ta ja kujera ta ce ya zauna ya faɗa da kansa. Mutumin da ke tsara ma'aikata a wurin aiki sai ga shi gumi na karyo masa. Ya yi sallama, ya ce: "Ni ɗan Tanko ne. Ban zo neman gona ba, ban zo neman komai ba. Yayar babana nake son in gani in gaishe ta." Ya ƙara 'yan kalmomi, ya tashi.

Da la'asar amalanke ta tsaya ƙofar masaukinmu. Wani magidanci ya sauko da wata tsohuwa ƙanƙanuwa, ta sha sabon zane da kallabi, tana rungume da ƙwaryar daƙuwa. Magidancin ɗanta ne. Ya raɗa mana cewa kunnenta ya yi nauyi, ba ta kama kalmomin ba, muryar kawai ta ji ta miƙe tsaye ta ce Tanko ya dawo. Ya yi ya yi ya fahimtar da ita ɗansa ne, ta ce ita za a gaya wa muryar ƙanenta? Bai kuma ɓoye mana ba, sanarwar farko sun ji ta, mazan gidan suka hana a gaya mata.

Tsohuwar ta dube ni, ta dubi aminina, ta leƙa bayanmu.

"Ina Tankon?"

Aminina ya durƙusa gabanta, ya kai bakinsa kusa da kunnenta. "Gwaggo, ni ɗansa ne. Baba Allah ya yi masa rasuwa bara. Ni aka aiko in gaya miki."

Ta ajiye ƙwaryar a hankali. Ta yi salati, ta yi masa addu'a, hawaye na bin kumatunta ba ta share ba. Can ta laluba ta kamo hannunsa.

"Yi magana, ɗan nan. Ko me za ka ce, ce."

Sai ya kama ba ta labarin hanya, da masar Magariya, da ɗan canji. Ta rufe ido tana saurare. Ni dai na fita waje, don ba zan iya ba.

Mun kwana a ƙauyensu, muka ga gonar da ake tsoron mu raba, aka cika mana but ɗin mota da gero da wake har muna roƙon a bari. Ranar Juma'a muka iso Kano lafiya. Abin da na koyo, Hausarmu ɗaya da mutanen nan, amma mu mun saba mu gabatar da muƙami kafin mutum, su kuwa sai sun ji me ya kawo ka kafin su tambayi ko kai wane ne. Makarantunmu da nasu kowa na fama da harshen da ya aro, ban ga wanda ya gama warware tasa ba.

Jiya na biya ta ofishin aminina na tarar da shi shi kaɗai, ya kara waya a baki yana bayanin tsadar tumatir a kasuwar 'Yankaba. Na ce da wa kake? Ya ɗaga mini hannu in yi shiru. Saƙon murya yake ɗauka zuwa wayar ɗan Gwaggo. Wai kullum da safe sai ta sa an kunna mata, kuma ba ta taɓa tambayar me ya ce ba.