Tsohon Sojan Yekuwa da Ƙafarsa ta Hagu

"Kin lura da tsohon sojan nan? Daga gida zuwa masallaci sai ya tsaya gaisuwa sau biyar."

"Gaisuwa ko hutu? Ai ƙafar ce ke gaida mutane, ba shi ba."

Mainassara, tsohon sojan da matan biyu ke zancensa, yana bayan danga ya ji su.

Ɗan Yekuwa ne, shekara goma sha biyar ya yi a sojan Faransa. A can ƙafarsa ta hagu ta fara sanyi, tafiya kaɗan sai ta ɗaure. Lokotoro, likitan soja, ya ce hanyar jini ce ta toshe. Suka ciro wata jijiya a ƙafar, suka yi wa jinin kewaye da ita, kamar yadda ayari ke ratse wa kwari. Da za a sallame shi aka gargaɗe shi: ya bar taba, kuma in ciwon ya dawo ya gaggauta zuwa likita, don irin wannan gyara yakan sake toshewa, sai an sake aiki.

Ya dawo gida shekara uku kafin Turawa su tafi. Ran kasuwar Sassumbrum yakan naɗe wando ya nuna tabon ɗinki, yana cewa sabuwar ƙafa aka yi masa. Gargaɗin kuwa bai faɗa wa kowa ba, tabar ma bai bari ba. Damina ta biyu ciwon ya dawo. Wanda ya cika baki haka, da wane ido zai yi ɗingishi? Sai ya koyi doguwar gaisuwa, har lafiyar jakin mutum yakan tambaya, kafin ƙafar ta saki.

Ana nan Wada ya rasu, amininsa da ya noma masa gona duk shekarun soja. Aka ɗauki makara, ana sauri kamar yadda aka saba, ana karɓa-karɓa. Mainassara ya sa kafaɗa. Taku ashirin ƙafar ta ɗaure, makara ta karkata, sai da wani ya ture shi ya karɓe. Nan babu wanda za a tsaya gaisarwa. Ya zauna gindin gawo, yana hango ana rufe Wada, ko ƙasa bai zuba ba.

Da hantsi washegari ya kira ƙanensa Ado zaure, ya kwance takalmin soja da ba ya cirewa gaban mutane. Babban yatsa ya yi baƙi ƙirin. Ado ya tambayi tun yaushe, ya ce tun girbin gero. Ado ya kau da kai.

"Ado, ɗauro mini jakinka, ka kai ni likitar Magariya su ba ni takardar zuwa babbar likitar Damagaram. Mu bi ta tsakiyar gari, ba sai mun kewaya ba."