Bencin Baba Osmanu Ya Koma Panyu

Duk ranar Asabar, kafin rana ta yi ƙarfi, masu shara a bakin filin ƙwallon gora na unguwar Tianhe sun san wanda za su fara gani. Wani dattijo ne gajere mai faɗin kafaɗa, da benci mai naɗewa rataye a bayansa, bokiti a hannu. Yakan tsaya wajen matar da ke sayar da ruwan sanyi a bakin ƙofa, ta ɗaga murya ta ce masa "Lawban!", wato maigida da yaren 'yan ƙasar, shi da ko teburi bai mallaka a kasuwa ba. Sai ta cika masa bokitin da ƙanƙara. Ranar da ta ce masa "meyo", babu, ba ya gardama. Tsayawa yake ya zuba mata ido har ta tuna akwai saura a ƙasan firiza.

Wannan shi ne Baba Osmanu, mutumin zangon Kumasi, mai tausar ƙungiyar Zumunta. Sauran kwanakin mako yana sito kusa da filin jirgin Baiyun, yana ɗaure kwalayen 'yan kasuwa masu hawa jirgi zuwa gida. Hannun da ke jan igiya duk mako, shi ne ke warware tsokar samari ranar Asabar, da man kaɗanyar da ake aiko masa daga Gana da man zafin da yake saya a nan.

Ga wanda bai sani ba, Zumunta ƙungiyarmu ce ta 'yan kasuwa da yaran shago. Wasu sun riƙe gora tun suna makaranta a Kano da Kaduna, wasu a Ankara da Kumasi, suka haɗu a nan ƙasar waje suka shiga gasar kamfanoni. Gasar tana da doka mai tsauri. An yanka wa kowace ƙungiya iyakar abin da za ta biya mutanenta a kaka guda, 'yan wasa da masu yi musu hidima duka, don kada mai hannu da shuni ya saye kowa ya bar saura da kallo. In kun kai iyakar, ba mai shiga sai wani ya fita.

Shekara da shekaru Baba Osmanu yana gefen filin nan, ba a taɓa kiran sunansa a lasifika ba. Bencinsa ba ya duban girma: wanda ya riga zuwa shi ke fara kwanciya, ko da kyaftin na tsaye. Kuma ba ya taɓa jikin wanda ya wuce ɗan'uwansa bai gaishe shi ba. Mutane da yawa sun ga ranar da ya tashi wani attajiri daga bencin, ya ce masa, "Alhaji, je ka yi sallama ka dawo, tsokarka za ta jira." Alhajin ya je, ya kuma dawo.

Kai ne, Baba Osmanu, mai zuwa kafin kowa, mai tafiya bayan kowa. Kai ne ake tunawa in ƙafa ta riƙe, a manta da kai in an ci ƙwallo.

To, a farkon kakar bana aka gamu da jarrabawa. Ana atisaye, Ƙasimu, mai tsaron baya ɗan Nima ta Ankara, ya miƙa gora zai ƙwace ƙwallo, sai ta shiga tsakanin ƙafafun Abdulbaƙi. Abdulbaƙi ɗan Fagge ne, shi ne ɗan tsakiyar da ke raba ƙwallo, kowa a ƙungiyar da idonsa yake gani. Ya faɗi gwiwa a murɗe. A asibiti aka ce jijiya ta tsinke, aka yi masa aiki, likita ya ce batun wasa a bana a manta, na baɗi ma sai abin da Allah ya yi.

Gwiwa ɗaya ta lalace, amma ƙungiya duka ta kama ɗingishi. Ƙasimu kunya ta hana shi zuwa dubiya, Kanawa suka ɗauki kunyar a matsayin girman kai. Suka daina ba shi ƙwallo a fili. Mutanen zango na Gana su ma suka ja nasu gefe. Hajiya Fuseina, wadda ke kawo shinkafa da wake bayan atisaye a babban tire guda kowa ya sa hannu, sai ga ta tana rabawa tire biyu, tana tsaki. Wasa bayan wasa ana cin Zumunta, manyan mutane masu gemu suna ɗaure wa juna fuska kamar yaran makaranta. Abin kunya ne, kuma duk wanda yake wurin ya san abin kunya ne.

Ga kuma maganar iyaka. Alawus ɗin Abdulbaƙi shi ne mafi tsoka a ƙungiyar, kuma muddin sunansa na ciki ba wurin ɗauko wani. Shi kuwa Abdulbaƙi sana'arsa ta ƙafa ce, yawon benayen kasuwar waya yana saya wa mutanen gida kaya. Ƙafa ta kwanta, sana'a ta kwanta. Alawus ɗin nan kaɗai ke riƙe masa ɗakinsa a unguwar Panyu. In aka cire shi, sai dai ya hau jirgi da sandunan dogarawa ya koma gida hannu wofi. Kanawa kuma sun rantse in ya fita su ma sun fita.

Alhaji Babayo, shugaban ƙungiyar, mai kamfanin aika kaya ne, kuma ba mugun mutum ba ne. Shi ya tsaya a kan aikin asibitin. Amma ɗan kasuwa ne, komai da sikeli yake auna shi. Ya sami Baba Osmanu a sito yana ɗaurin kwali.

"Baba Osmanu, kai ma aikin nan kake yi. In kilo ya cika, kwali ɗaya ya fashe, yaya ake yi?"

"A cire shi a sa wani, Alhaji."

"To, ka gani."

"Na gani. Sai dai kwali ba ya jin an cire shi, sauran kwalayen ma ba sa kallo. Waɗannan yaran suna kallo. Kowa zai ce, ashe in tawa gwiwar ta tafi haka za a yi da ni. Wa zai ƙara sa ƙafarsa a gaban gora saboda kai?"

Alhaji ya cire hula ya sosa kai. "Ni ma ba daɗi nake ji ba. Amma a ci gaba da cin mu kamar tuwo?"

"Ka ba ni zuwa tsakiyar kaka, lokacin da ake canza 'yan wasa. In ban kawo maka mafita ba, ka yi yadda ka ga dama."

Asabar ta zagayo, Baba Osmanu ya iso fili da bokitin ƙanƙara, bayansa wayam. Bayan atisaye Kallamu mai tsaron raga, ƙaton da bakinsa ba ya hutawa, ya taho yana jan ƙafa.

"Baba, ina benci?"

"Meyo."

"Kamar yaya meyo? Sace shi aka yi?"

"Yana Panyu, ɗakin Abdulbaƙi. Bayana ya gaji da ɗaukarsa. Mai son tausa ya san inda ake shiga jirgin ƙasa."

"Haba Baba! Tsoka ta riƙe ni a Tianhe, sai na je Panyu za a sake ta?"

"Tafi da ita, ba ta da nauyi."

Aka yi gunaguni, wasu suka ce tsufa ya fara taɓa shi. Amma wanda ya saba da hannun Baba Osmanu ba ya iya kwana da tsamin jiki. Da yamma sai ga su ɗaya bayan ɗaya suna hawa benen gidan da Abdulbaƙi yake. Ɗakin ƙarami ne, gado da benci sun cinye shi. Mai jiran layi ba inda zai zauna sai bakin gadon majinyaci, kuma dokar gaisuwa tana nan. Abdulbaƙi, wanda ya yi makonni yana kallon silin ba ya son magana, sai ga shi yana karɓar wayar mutane yana duba hoton wasan da aka yi, yana cewa, "Kai Kallamu, wa ya ce ka baro raga a nan? Kasuwa za ka?"

Da Hajiya Fuseina ta ga mutanenta sun koma Panyu, sai ta bi su da abinci. Ta tsaya a ƙofa da tire biyu, ta duba ƙasa, ta ga wurin ɗaya kawai zai ɗauka. Ta juye ɗaya a kan ɗaya ta ce, "Wanda ba zai ci da ɗan'uwansa ba, ga bene nan, ya sauka." Ba wanda ya sauka.

Ana cikin haka Baba Osmanu ya fara kukan ciwon yatsu. Yana tsakiyar tausa sai ya yarfe hannu ya ce, "Abdulbaƙi, ƙafarka ce ta lalace, ba hannunka ba. Matso ka riƙe mini nan. A'a, ba haka ba, ba kwaɓin fulawa kake ba. Bi jijiyar a hankali har ta gaya maka inda ke ciwo." Yaron yana zaune a kujera, ƙafa a miƙe kan matashi, yana koyo yana shan faɗa. Wanda ya san Baba Osmanu ya san yatsun nan lafiyarsu ƙalau, don washegari za ka gan shi a Baiyun yana jan igiya kamar saurayi.

Mutum ɗaya ne ya ƙi zuwa, Ƙasimu. Ya daure har bayansa ya ƙage, ruku'u ma sai da ƙyar. Ran nan dai ya hau benen. Ya yi sallama idonsa a ƙasa. Baba Osmanu ya nuna masa benci, Ƙasimu ya kwanta rub da ciki. Dattijon ya buɗe man kaɗanya, ya ajiye kusa da Abdulbaƙi, ya ce shi zai je ya yi alwala.

Ƙasimu ya ji hannu a bayansa, ya san ba na tsoho ba ne. Fuskarsa a cikin tawul ya ce, "Ɗan'uwa, wallahi ba da gangan na yi ba. Na rasa da wane ido zan dube ka."

Abdulbaƙi ya ci gaba da murza. Can ya ce, "Na sani. Ai da gangan ka yi da ba ka same ni ba, kai da ƙwallo ma sai ta wuce kake kai gora."

Kallamu ya fashe da dariya. "Danna shi sosai, Abdul, yau ranar ramuwa ce!"

"Wayyo, a hankali, Bakano!" in ji Ƙasimu, ba a san kuka yake ko dariya ba. Baba Osmanu yana bakin ƙofa da buta a hannu, bai shigo ba sai da aka gama.

Da tsakiyar kaka ta zo, ya je ofishin Alhaji Babayo da kansa.

"Alhaji, ga mafitarka. Cire sunana, ka sa Abdulbaƙi a gurbin mai tausa. Kasona bai kai nasa ba, amma zai riƙe masa ɗaki har ƙafar ta ɗauke shi zuwa kasuwa. Nasa kason na ɗan wasa kuma ka nemo wanda za ka nemo."

"Kai fa? Ba ka ce sai ka gama rufin gidanka na Kumasi ba?"

"Ɗaki ɗaya ya rufu. Ni da tsohuwata ba ma kwana a ɗaki biyu."

"To ka zauna mana ko ba alawus, mu san yadda za mu yi da kai."

"In ina gari, yaran nan ba za su kwanta wa Abdulbaƙi ba, ni za su riƙa nema. Ƙarshen shekara zan tafi."

Haka aka yi. Aka ɗauko Ibrahim Khalil, ɗalibi ɗan Yamai, ya shiga tsakiya. Kada wani ya ce an ɗauki kofi, ba a ɗauka ba, a tsakiyar jeri Zumunta ta ƙare. Amma ƙwallo ta koma tafiya daga Bakano zuwa ɗan zango ba tare da an duba fuska ba, kuma ba wanda ya bar ƙungiyar.

Baba Osmanu, kai ne ka ga abin da masu lissafi ba su sa a sikeli ba. Kai ne ka ɗauki bencinka ka kai inda ciwo yake, ka ja lafiyayyu suka bi ka. Ba ka tara mutane ka yi musu wa'azi ba, ba ka kunyata kowa ba, sana'arka ka ciro daga hannunka ka sa a hannun yaron da ba ɗanka ba, ba ɗan garinku ba. Mun gode. Allah ya kai ka Kumasi lafiya, ya rufa maka sauran ɗakunan, ya ba yatsun nan hutun da suka yi ƙaryar nema.

Ku kuma masu riƙe da ƙungiya, ko shago, ko sito, ku ji da kyau. Ranar da na ƙasa da ku ya faɗi, kafin ku fara auna abin da yake ci muku, ku waiwaya ku ga su wa ke kallonku. Wanda kuma Allah ya ba sana'a a hannu, kada ya jira sai hannun ya mutu kafin ya miƙa ta.

Asabar ɗin da ta wuce, masu shara a bakin filin Tianhe sun ga mutum biyu. A gaba wani saurayi yana ɗan ɗingishi, benci rataye a bayansa, bokiti a hannu. A baya dattijo, hannu biyu wayam, ya rasa inda zai sa su, sai ya goya su a baya. Mai ruwan sanyi ta dubi wannan, ta dubi wancan. Baba Osmanu ya nuna mata saurayin da haɓa. Ta karɓi bokitin daga hannun Abdulbaƙi, ta ɗaga murya ta ce, "Lawban!"