Salatin da Maigida Ya Yaye Daga Taki

Ko me zan manta a rayuwata, ban da shekarar da maigida ya yi noman salati a tsakar gidanmu. Duk ƙuruciyarsa a garka ya ƙare ta, can wajen Gafati, har ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da shi. Jiki ya yi sauƙi, amma ya daina magana, wuni yake yana kallon bango.

Babbar 'yarmu, wadda ta karanci aikin gona, ita ta kawo tiyo masu huji ta jera a jikin katanga, ta dasa salati a ciki. Babu ƙasa ko kaɗan, saiwoyin cikin ruwa mai taki suke. Ya yi mata dariya, ta farko tun kwanciyarsa. Kafin wata ya cika, shi ke jan kujera zuwa wurin. Don tausayin shukar, kullum sai ya ƙara taki, ya kuma sa aka yi mata rumfar zana. Ganye ya yi kore shar, har yana duhu.

Ana gab da azumi 'yar ta matse ganye ɗaya a kan wata 'yar takardar awo, nan take ta rine. Ta ce gishirin taki ne, nitrat, ya taru a ganyen saboda yawan taki da ƙarancin rana, bai kamata a riƙa ci kullum ba, balle ƙanwarta mai ciki. Sai an cire rumfar, a bar shi da ruwa zalla na wasu kwanaki, a yanka da la'asar.

"Uwata," in ji shi, don sunan mahaifiyarsa gare ta, "ni za ki koya wa salati? Da shi na kai ki lakwal, kika yi karatun bokon. Shuka kuma a bar ta da yunwa?"

"Baba, a garka ƙasa ke ɗauke rarar. Nan ba inda za ta je sai ganye."

Ya shige ɗaki, ya koma kallon bangonsa. Tsoron da na ji a kwanakin nan, Allah kaɗai ya sani. Na yi ta addu'a kada mu sake rasa shi yana raye. Da na kai masa fura na ce, "Malam, mai cikin ta ce ba za ta sha ruwa da salatin kasuwa ba, naka take jira."

Washegari da hantsi na ji ƙarar ruwa. Na tarar da shi yana tuntsurar da bidon, wato jarkar ruwan takin, da hannunsa mai lafiya, yana haki. Na yi wuf zan karɓa.

"Bari," ya ce. "Zan iya."

Na janye hannuna, ina kallo har ya gama. Aka cire rumfar. Bayan kwanaki da aka sake awo, da kyar takardar ta canza launi.

A tsaye a wurin na gane cewa tausayi ma yana yi wa abu yawa. Daga ranar na daina ɗaukar masa buta.