Ƙwayar Ranar Alhamis

Ina aji biyar na sakandare aka ce Baba yana da hawan jini. A asibitin Gumel aka ba shi ƙwayoyi iri biyu, wata fara, wata 'yar ƙarama, kullum da safe. Da yake ni ke karanta rubutun jikin kwali, maganin ya dawo hannuna.

Kakanmu ma da haka ya fara. Ciwon kai, jiri, sai wata safiya aka tsince shi a gindin rumbu ɓarin jiki ya shanye. Abin bai taɓa barin raina ba.

Sai na fara tsintar ƙaramar a ƙarƙashin buzun sallarsa, kuma kullum ranar Alhamis, ranar da yake zuwa kasuwar Maigatari. Na daɗe kafin in gane dalili. Ƙwayar tana sa yawan fitsari. Motar garinmu Gagarawa kuwa a cushe take tashi, da buhuna da matan mutane, dattijo kamarsa ba zai ce a tsaya masa ba.

Ni ɗan fari ne. Ko sunana ba ya kira, balle in tare shi da irin wannan magana. Karatu ya gagare ni. In buɗe littafi, in rufe, in leƙa zaure, in dawo. Ranar Alhamis da yamma Baba zai shigo ido jajir, yana dafe da ƙeya.

Na kai ƙara wurin Goggo, yayarsa. Alhamis da sassafe sai ga ta.

"Kai auta, wai kunyar direba kake ji?"

"Haba Yaya, a gaban yaro?"

"Ni na yi jinyar tsohonmu, ba zan yi taka ba. Haɗiye ina gani."

Ya haɗiye. Ranar na bi shi kasuwa, ban san me zan yi masa ba. Muna wuce Gumel ya fara gyara zama, gumi na tsattsafo masa. Ni ma na kasa zama. Sai na ji muryata, wadda ko a aji da ƙyar ake jin ta.

"Direba, don Allah tsaya, fitsari nake ji."

Mota ta kwashe da dariya.

"Ɗan boko, tun yanzu?" in ji direba, ya gangara gefen titi.

Na sauka kaina a ƙasa. Baba ya laluba butarsa a ƙarƙashin kujera.

"Bari in raka shi," ya ce.